Kabarin da Baba Isuhu Ya Zaɓa

Tun da na dawo daga Faransa ban huta da tambaya ba. A ofis, a majalisarmu ta bayan La'asar, har wajen mai faci, kowa sai ya ce, "Injiniya, ya ƙasar?" In na ce lafiya lau, a ce na yi rowar labari. In na fara bayarwa kuma, kafin in fita daga filin jirgi an kira sallah. Shi ya sa na zauna na rubuta sau ɗaya, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa.

Aikina harkar noman rani ne a Katsina, madatsun ruwa da magudanai. Wani taron bita na mako guda aka shirya a Paris kan ruwan noma a ƙasashen Afirka, sunana ya fito. Zancen biza ba zan shiga ba, don hawan jinina bai gama sauka ba. A taƙaice dai an nemi shaidar cewa zan dawo gida. Na ce ina da mata da 'ya'ya shida da gonar albasa. Aka ce a rubuce ake so.

Da na je Jibiya yi wa mahaifina sallama, ya lalubo wata lambar waya da aka rubuta masa a bayan kwalin magani.

"Isuhu ne, ɗan ƙanen babana. Mutumin wajen Madarumfa ne, ya daɗe can Faransa. In ka samu hali ka gaishe shi."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Ban tambayi komai ba, don a Jibiya wanda ba shi da dangi a Nijar shi ne baƙo. Matan gida suka ɗaura mini tsaraba: kilishi, daddawa da kuka.

A filin jirgin Paris jami'ar da ta buɗe jakata baƙar fata ce wuluk, sai na saki jiki. Na yi mata murmushin 'yan'uwantaka, na tambaye ta da Ingilishi daga wace ƙasa take a Afirka. Ta ce ita Bafaranshiya ce, iyayenta daga wani tsibiri suke can gefen Amurka, ba ta taɓa taka Afirka ba. Ta ɗaga kilishin ta ce nama ba ya shiga. Ta kwance ƙullin daddawa, ta kai hanci, ta yi baya da sauri, ta miƙo mini shi da tsawon hannu. Haka daddawa ta ceci kanta, kilishi ya tafi.

Yohanna ne ya tarbe ni. Mutumin Zonkwa ne, ɗaki ɗaya muka zauna a jami'a a Zariya, yanzu shekararsa uku yana bincike a Paris. Ya zo mini da rigar sanyi, ya kai ni masauki a Bobigny. Ɗakin bai fi shagon tela ba. In na buɗe jaka sai ƙofa ta ƙi rufuwa. Na leƙa banɗaki na duba ko'ina, na fito fuskata a yamutse. Kafin in yi magana Yohanna ya zaro buta daga leda, sabuwa fil, shuɗiya.

"Na san halinku," ya ce. "Gabas kuma ta wajen tagar can ce, na duba maka."

A wurin taro an tara mu daga ƙasashe da yawa: Sanagal, Mali, Cadi, Gana, Mozambik, Sudan. Kowa aka ba shi abin saƙalawa a kunne don jin tafinta. Mu 'yan rainon Ingila muna gefe guda, 'yan rainon Faransa suna nasu gefen, mutumin Mozambik shi kaɗai da Fotugis ɗinsa kamar maraya. Ba wanda ya tsara zaman haka, ƙafar kowa ce ta kai shi inda zai ji ana magana.

Rana ta biyu wani dogo ya tashi ya yi ta zuba Faransanci yana nuna taswira. Tafinta tana juya mini, sai na ji ashe madatsar ruwan garinmu yake ƙorafi a kai, wai tun da aka gina ta gulbinsu ya rage gudu. Na ɗaga hannu na mayar masa da martani da Ingilishi, wata tafintar ta juya masa. Muka yi ta musu ta bakin mata biyu da ke zaune cikin akwatin gilashi. Da aka fita shan shayi na same shi yana waya, na ji yana cewa, "A'a, ki ba su hura su sha, ina nan tahe ran Lahadi."

Na dafa kafaɗarsa. "Malam, daga ina?"

"Maraɗi. Kai hwa?"

"Jibiya."

Ya riƙe baki. "Kai! Ashe kai ne ka tare muna ruwa!"

Sunansa Abdu. Daga gidansa zuwa gidan mahaifina mota ba ta yin awa biyu. Na ce ya ara mini biro in rubuta lambarsa. Ya dube ni da mamaki, ya ce bironsa yana Maraɗi, hawa na biyu. Sai da muka yi ta jan zance na gane su ofis suke kira biro, abin rubutu kuma bik. Yaransa lakkwal suke zuwa, nawa makarantar boko. Shi kamyo yake ɗaukar masa albasa, ni lori. Albasar dai ɗaya ce, har irin ma daga kasuwa ɗaya muke saye.

Abinci ya ba ni wahala. Burodinsu dogo ne, mai tauri, da za ka kora akuya da shi. Nama in ka yanka sai ya yi jini a faranti. Akwai wani cuku da aka zagayo da shi bayan cin abinci, na shinshina, na tuna jami'ar filin jirgi, na ce lallai duniya ba adalci. Gaisuwarsu kuma ita ta kusa kunyata ni. Ranar rufe taro shugabar shirin, wata dattijuwa mai kirki, ta nufo ni da kumatu za ta manna da nawa kamar yadda suke yi. Na ja baya, ta matso, na ƙara ja, sai ga ni zaune daram cikin tukunyar fulawa. Abdu ya yi dariya har da hawaye, shi da ya miƙa nasa kumatun sau biyu ba ko gezau.

Ran Asabar Yohanna ya kai ni kasuwar Barbès, wadda ke ci ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa. Nan na ga Afirka a dunƙule fiye da yadda na taɓa ganinta a Afirka. Balaraben Aljeriya yana ihu kan na'ana'a, matan Mali cikin shadda tana ƙyalli, wani ɗan Kwango ya ci ado da jar kwat da sanda kamar ango alhali kifi ya zo saye. Na ga goro wurin wata tsohuwa Babambariya. Ba ta jin Hausa, ba na jin Bambara, Ingilishina bai yi mata amfani ba, Faransancinta bai yi mini ba. Amma da na ɗauki goron na murza shi na duba gindinsa, sai ta yi dariya, ta ture wanda ke sama ta zaro mini na ƙasan ganye.

"Ka gani," in ji Yohanna. "Sun zauna a teburi sun raba mu, mu kuma mun biyo su mun haɗu a ƙarƙashin gadarsu."

Da taro ya ƙare ina da sauran kwana uku, sai na kira lambar nan da mahaifina ya ba ni. Wata mace ta ɗauka. Da na faɗi sunan mahaifina na ji ta juya tana magana da wani, sannan ta ce in zo, a birnin Lyon suke.

Jirgin ƙasan Lyon gudu yake kamar an biyo shi, amma ciki tsit, ka ce ana jarrabawa. Uwargida ta kira ni, na amsa da muryar da Allah ya ba ni, muna cikin zancen wanda zai ba awaki dusa na ɗaga kai na ga duk taragon ni ake kallo. Wani dattijo ya nuna mini hoton waya mai barci a bango. Sauran tafiyar da raɗa na yi ta.

Wadda ta tarbe ni a tasha ita ce Maryama, autar Baba Isuhu, ma'aikaciyar jinya, a Lyon aka haife ta. Hausarta rabi da rabi ce.

"Yaya Lawali? Sannu da zuwa. Boyaj ɗin sa ba? Mu tahi, na yi garé nesa kaɗan."

Na ce lafiya lau, ban san me na amsa ba.

Unguwarsu Minguettes, dogayen benaye ne jere kamar an dasa su. A cikin na'urar hawa bene muka haɗu da maƙwabtansu, wata 'yar Tunisiya da wani ɗan Komoro, duk suka gaishe da Maryama suna tambayar jikin tsoho. A hawa na tara muka same shi zaune kan darduma, siriri, fari tas da furfura, ya haura tamanin. Na durƙusa. Muka yi gaisuwa ta gaske, wadda ban samu ba tun da na bar gida: gajiya, iyali, sanyi, damina, mutanen Jibiya ɗaya bayan ɗaya. Ya riƙe hannuna bai saki ba yana duban fuskata.

"Goshin Mamman ne wanga," ya ce. Mamman kakana ne.

Matarsa, Hajiya Rabi, ta karɓi kuka da daddawa kamar na kawo zinariya. Kafin Azahar ta tuƙa tuwon semo, gidan duk ya ɗauki ƙamshi, har maƙwabciya ta ƙwanƙwasa ta tambaya ko lafiya. Muna ci ana raha. Baba Isuhu ya ce mu 'yan Ingilishi ba mu iya layi ba, ba mu iya burodi ba. Na ce su kuma Faransa ta koya musu cika takarda goma kafin su yi atishawa. Ya ba ni labarin shekarun da ya yi a masana'antar manyan motoci, tare da Larabawa da Fotugis da Sanagal, yadda kowa ya koyi zagi da harshen kowa kafin ya koyi gaisuwa.

Daɗin hira ya ɗebe ni, na ce, "Ai mu Allah ya taimake mu da kakanmu mai wayo. Fatauci ya kai shi Jibiya, ya ga ɓangaren Ingilishi ya fi sauƙi, ya yi zamansa. Da yanzu ni ma ina nan ina cewa biro."

Ba wanda ya yi dariya. Hajiya ta tashi ta shiga kicin. Baba Isuhu ya suɗe yatsunsa a hankali, ya wanke hannu.

"Fatauci sunka ce maka?"

"Haka muka taso muka ji, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya ce zai ɗan kishingiɗa, ya shiga ɗaki.

Maryama ce ta gaya mini, muna tsaye a baranda. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu Faransa ta sa kowane gari ya ba da samari soja. A garinsu sunan Mamman aka kira. Kafin ranar tafiya ya tsallaka iyaka ya shige ƙasar Ingilishi, kamar yadda mutane da yawa suka yi. Da masu kamu suka zo ba su same shi ba, sai suka tafi da ƙanensa, Garba, wanda bai shekara da aure ba, matarsa da ciki. Garba bai dawo ba. Cikin nan shi ne Baba Isuhu.

Sunan mahaifina Garba. Shekara hamsin ina rubuta sunan nan a bayan nawa, ban taɓa tambayar wa aka yi wa takwara ba.

Na ce mata zan koma Paris da jirgin yamma, don ban ga da wane ido zan sake duban tsohon ba. Ta ce ba inda za ni.

"Papa ya ce gobe in kai ku wani wuri. Tun da kunka kira yake zancen."

Washegari da hantsi muka fita a motarta. Muka bar gari, muka shiga gonaki da ƙauyuka masu coci a tsakiya, har wani ƙauye da ake kira Chasselay. Muna shan wata kwana sai ga jar katanga a tsakiyar gonaki, mai soraye da ƙayoyin itace a jiki, sak ginin ƙasa irin na wajenmu. Na ɗauka idona ne. Maƙabarta ce ta sojojin Afirka. Maryama ta ce a nan kusa sojojin Jamus suka ci ƙarfinsu, bayan sun ajiye makami aka ware farare gefe, aka kai baƙaƙe cikin gona aka kashe. Duk Sanagal ake kiransu, ko daga ina aka kamo mutum.

Baba Isuhu ya cire takalmi a bakin ƙofa duk da sanyin ƙasa, ni ma na cire. Muka bi layi-layi ina karanta allunan. Ga sunan Bambara, ga na Mosi, ga na Fulani, ga waɗanda ban san ko na wace ƙabila ba ne. Da yawa kuma ba suna, kalma ɗaya ce kawai, Maryama ta ce ma'anarta ba a san ko wane ne ba. A gaban ɗaya daga cikin irin waɗannan ya tsaya, kusa da katanga.

"Ga shi nan."

"Baba, an tabbatar nan yake?"

"Wa za ya tabbatar? Takarda ɗaya sunka aiko ma innata, wai ya ɓace wajen Lyon. Takardar ta kawo ni garin ga, ba aiki ba. Na yi yawon biro-biro har takalmina ya ƙare. Wani ya rubuta Garba, wani Garuba, wani ya ce babu. Ran da na fara zuwa nan na duba duka, na ce to, marar suna yana bukatar ɗa, ni ina bukatar uba. Na zaɓi wanga. In ɗan Mosi ne ma ya sha addu'a."

Ya yi 'yar dariya. Ni na kasa. Na durƙusa na fara haɗa kalmomin ban haƙuri, a madadin kakana, a madadin gidanmu, da kuma maganar da na yi jiya. Ya katse ni.

"Tashi, Lawali, ƙasa da sanyi. Da ina yaro na ƙi jinin Mamman, ba ni ɓoye maka. Kowace kaka sai ya aiko da buhun gero daga Jibiya, shi bai taɓa takowa ba har ya mutu. Shekara ukku innata tana maida shi. Ta huɗu anka yi yunwa, munka ci. Da geron ga na girma. Yanzu da na tsuhwa na duba, yaro ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, an ce ya zo ya mutu a ƙasar da bai san sunanta ba. Ni ma da na gudu."

Ya share hanci da gefen rawaninsa. "Garba yana da waya mai hoto?"

Na kira ƙanwata a Jibiya na ce ta kai wa Alhaji, mahaifina, wayar. Sai ga fuskar mahaifina ta cika waya, kusa ƙwarai, hanci da gemu kawai ake gani. Rabon da su ga juna tun jana'izar kakana, ina goye. Suka tsaya kallon juna. Gaisuwar ma a gajarce suka yi ta. Na juya wayar a hankali na nuna masa jar katangar, da layukan kaburbura, ina yi masa bayani.

"Isuhu," ya ce, "wanne ne?"

"Ban sani ba, Garba. Na dai zaɓi wanga."

Na saita wayar kan allon marar suna. Mahaifina ya daɗe yana kallo. Ina jin zakara yana cara a tsakar gidanmu.

"To shi ne," ya ce. "Lawal, riƙe wayar da kyau. Mu yi mashi Fatiha."

Muka ɗaga hannu, mu uku a nan, shi da ƙanwata a can. Wani manomi da ke wucewa a kan tarakta ya kashe injinsa har muka shafa.

A hanyar komawa Baba Isuhu ya ce yunwa yake ji, Maryama ta tsaya ta sayo burodin nan mai tauri. Ya gutsura ya miƙo mini rabi, ya ce in ci in koyi abin duniya. Na ci. Da zafinsa ashe ba laifi.

Yanzu duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai sun yi waya, kuma ni ne mai riƙe ta, don Alhaji ya ce hannun ƙanwata rawa yake yi. Saboda haka duk mako sai na tuƙa mota zuwa Jibiya. Makon jiya awa guda suka yi suna musu kan wata tsamiya da ke bakin rijiyar garin kakanninmu, ko tana gabas da rijiyar ko tana yamma. Baba Isuhu rabonsa da garin shekara talatin. Mahaifina bai taɓa zuwa ba, a bakin babansa ya ji, amma ya rantse tana gabas. Sun yanke cewa in an buɗe hanya bayan damina ni zan je in dubo.